Jar Fuskar da Inna Ta Turo Min

Laraba, mako na uku da tafiyarka

Maigidana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya gajiyar horo, yaya abokan zama, yaya kuma gwiwar nan taka da take maka tsiya idan ka hau tsani? Wasiƙarka ta iso ni ranar Litinin. Sau uku na karanta ta a cikin mota, har na wuce inda nake sauka. Na kuma gyara maka kurakurai huɗu da jan biro, suna nan suna jiranka.

Ka ce sun karɓe muku wayoyi sai bayan wata shida, wai mai koyon kashe gobara ba ya buƙatar abin da zai ɗauke masa hankali. Ni dai ban yi baƙin ciki sosai ba. Kai da ka saba turo min fuska mai hawayen dariya a madadin amsa, yanzu dole ka zauna ka rubuta jimla cikakkiya, mai kai da gindi. Ashe ka iya.

Ka tambaye ni labarin Inna. Ranar Lahadi na je kamar yadda na yi maka alkawari, mota biyu na hau. Na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, na ga bakinta yana motsi a bayan gefen mayafi. Ka san mahaifiyarka, tun da haƙoranta na gaba suka zube ba ta magana sai ta kare baki, ni kuwa da leɓe nake ji. Da kana nan kai ne a tsakaninmu: ta faɗa maka, ka juya min da hannu, in amsa, ka faɗa mata. Yanzu da ba ka nan sai muka zama kamar baƙi biyu a ɗakin jiran likita. Ita ba ta karatu, ni ba na ji tun ina shekara huɗu, maganar bakina kuma kai kaɗai kake gane ta. Na taya ta tsintar, na share mata ɗaki, muka yi ta yi wa juna murmushi har kumatuna suka gaji. La'asar na yi na kamo hanya.

Wayar da ka saya mata kafin ka tafi kuwa ba ta huta ba. Kullum sai ta turo min saƙon murya, wani har minti uku. Ina kallon ɗan layin nan yana tafiya daga hagu zuwa dama, iyakar rabona ke nan. Sai in kai wa Rediyo, abokiyar aikina ta wajen injin fotokwafi, wadda ka ce ni kaɗai ce a duniya zan iya wuni kusa da ita kaina bai yi ciwo ba. Ita take saurara ta rubuta min a bayan takardun da suka lalace. Yawanci gaisuwa ce da addu'a, da tambayar ko na ci abinci, da labarin kazarta mai kwanci.

Ranar Litinin kuma Inna ta gano inda imoji suke ɓuya a wayar. Na tashi na tarar da jirgin ƙasa guda bakwai, da akuya, da laima, da wata mata mai rawa da jar riga. Na ɗauka a kan wayar ta zauna. Jiya da sassafe sai ga rana guda ɗaya tak. Yau ma haka. Na gane gaisuwar safe ce.

Na san abin da za ka ce, in mayar mata da rana magana ta ƙare. Ba zan yi ba, kuma ka san dalili. Ranar da na je neman aiki a shagon nan, Oga ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗauko takarda ya zana min tsintsiya da alamar tambaya. A ganinsa kurma iyakarta shara, kuma sai da zane za ta fahimta. Na zauna a kwamfutarsa na buga masa shafi guda cikin minti huɗu, babu kuskure ko ɗaya. Yau shekara shida, duk takardar da za ta fita daga shagon nan, ta kotu ce ko ta makaranta, sai ta bi ta hannuna. Shekara goma sha biyu na yi a makarantar kurame ina koyon rubutu don kada kowa ya yi min magana da zane kamar jaririya. Ko a guruf ɗin danginku na waya, in rubuta gaisuwa mai layi biyar, Yaya Babba ta amsa min da babban yatsa. Yayarka ce, ba zan ce komai ba, amma yatsan nan ya fi shiru yi min ciwo. Ni ban taɓa tura wa kowa ko ɗaya ba, kuma ina alfahari da hakan.

Saboda haka da rubutu na amsa wa Inna: "Ina kwana, Inna. Da fatan an tashi lafiya." Na san ba za ta iya karantawa ba. Amma za ta ga baƙaƙe sun zo daga wurina, ta san gaisuwar manya na yi mata.

Ka kula min da kanka, ka riƙa shafa maganin gwiwar. Ka gaida wanda ka ce yana minshari a gadon samanka, ka ce masa matarka ta ce da ita ce da bai dame ta ba.

Taka har kullum,
'Yar Biro


Alhamis, mako na bakwai

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Ni ma jikina lafiya. Wannan wasiƙar ba za ta yi tsawo ba, don raina babu daɗi, kuma ba na son in rubuta abin da zan yi nadama.

Ranar Lahadin da ta wuce na je wurin Inna. Na ga ba ta da kuzari, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, sai na ce bari in yi mata aiki na gaske. Na fito da komai na kicin na wanke, na goge kanta. A bayan kwanuka na sami wani tsohon filas na shayi, murfinsa ya tsage, ina jin fasasshen gilashi yana motsi a cikinsa. Na haɗa shi da shara na kai bola. Da na dawo na ga Inna tana dube-dube a kan kantar. Na nuna mata da hannu cewa na zubar. Ta tsaya ta dube ni, ta koma ta zauna. Sai da na shiga mota na tuna hoton marigayi Baba da ke rataye a ɗakinta, yana zaune, filas ɗin nan a gefen ƙafarsa.

Washegari rana ba ta zo ba. Jar fuska ce ta zo, mai haɗe gira, baki a murtuke. Ranar Talata biyu suka zo. Jiya biyar a jere, kowace da saƙon murya a bayanta. Yau da safe uku.

Ban kai wa Rediyo ba. Yaya zan miƙa mata waya ta ji surukata tana wanke ni tas, kafin azahar duk layin shagunan nan sun sani? Na rubuta wa Inna ban haƙuri mai tsawo, in ta ga dama ta ba maƙwabciya ta karanta mata. Amsar da na samu ita ce dai jar fuskar.

Na yi kuskure, ban musa ba. Amma shekara uku da aurenmu ban taɓa ɗaga mata ido ba. Na san tun farko ba ni ta so maka ba, kai ma ba ka ɓoye min ba cewa ta yi kuka tana tambaya da wa za ta riƙa hira. Na ɗauka mun wuce wurin. Kwana huɗu ana jifana da fuska a kan filas ɗin da ba ya riƙe ruwa! Ka ga abin da nake faɗa maka game da zanen nan. Da faɗan baki ne, da an yi an gama, mutum ya san iyakar laifinsa. Wannan kuwa duk sanda ka buɗe waya tana nan zaune tana harararka.

Lahadi mai zuwa ba zan je ba. Zan bari ta huce, ni ma in huce. Kada ka ce komai a kai a wasiƙarka. Ba sulhu nake nema ba, faɗa maka kawai nake yi don ba ni da wanda zan faɗa wa.

Matarka,
'Yar Biro


Talata, mako na takwas, daga asibiti

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Kafin komai: Inna tana raye, tana samun sauƙi, yau da safe da hannunta ta riƙe kofi ta sha shayi. Na fara da wannan don kada gabanka ya faɗi da ganin asibiti a saman takarda. Yanzu ka nemi wuri ka zauna, akwai abin da zan faɗa maka a kaina.

Ranar Juma'a, washegarin ranar da na aika maka da waccan wasiƙar, na tashi babu komai a waya. Ba rana, ba jar fuska, ba murya. Sai shirun ya fi fuskar damuna. Har ƙarfe goma na kasa buga layi guda daidai. Na ja Rediyo bayan injin, na rubuta mata: "Ki saurara, amma idan kika faɗa wa wani, ni da ke har abada." Ta kara wayar a kunne tana dariya. Ina kallon dariyar tana barin fuskarta. Ta saurari na biyu, ta saurari na uku, sai ta fizge biron daga hannuna ta rubuta da manyan baƙaƙe: "BA FAƊA TAKE BA. ZAZZAƁI NE. TA CE JIKINTA KAMAR WUTA, NUMFASHI YANA MATA WUYA, KI ZO." A ƙasa ta ƙara: "Tun Litinin take kiranki."

Maigida, jar fuskar nan zafin jiki ce. Inna ta san ba na jin muryarta, sai ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya ta nemo wadda ta fi kama da yadda take ji. Ta ga ja, ta ga wahala a fuskar, ta turo. Ita da ba ta taɓa shiga aji ba ta nemi hanyar da za ta yi min magana in gani da idona, ni mai shekara goma sha biyu a makaranta na zauna ina kumburi.

Ban nemi izinin Oga ba, ko jakata Rediyo ce ta biyo ni da ita. Na tari tasi. Na sami ƙofar gidan a sakaye na tura. Kajinta sun watsu a tsakar gida, kwanon ruwansu a bushe. Tana kwance a ƙasa kusa da gado, wayar a hannunta, caji ya ƙare. Na taɓa goshinta na janye hannu. Na ɗora tafina a ƙirjinta, na ji yana karkarwa kamar injinmu idan takarda ta maƙale masa. Ban san na yi ihu ba sai da na ga maƙwabciyarta mai saƙa ta shigo a guje ko mayafi babu. Ni da ita muka ɗauke ta zuwa motar. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ba ni tsoro.

A asibiti likita ya fara yi min bayani yana kallon takarda. Na taɓa hannun rigarsa, na nuna kunnena, na ciro biro. Na rubuta masa komai a jere: ranar da zazzaɓin ya fara, sunayen magungunan hawan jininta guda biyu da yadda take shan su, da allurar da ka taɓa ce min ba ta karɓar jikinta. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta: "Ma'aikaciyar lafiya ce ke?" Na rubuta: "Matar ɗanta ce." Hoton ƙirji ya nuna ciwon huhu. Ya rubuta min cewa da an ƙara kwana ɗaya da wani labarin ake yi. Takardar tana jakata, na kasa yar da ita.

Kwana biyu ta yi da roba a hanci, ana mata ƙarin ruwa. Ranar Lahadi da hantsi ta buɗe ido sosai. Na durƙusa a gefen gadon na rasa yadda zan nemi gafara. Rubutuna ba shi da amfani a wurin. Sai na ciro wayata na buɗe wurin fuskokin nan da ban taɓa buɗewa da niyya ba. Na nemo jar fuskar na nuna mata, na nuna ita, na haɗe girata na yi fuskar faɗa, na nuna kaina. Ta daɗe tana kallona. Can ta gane. Maigida, Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, nas ta leƙo ta harare mu. Kuma ta manta ba ta kare baki ba. Karo na farko da na ga bakinta sosai, na karanta abin da ta ce: "Yarinyar nan! Faɗan me?" Na zana mata filas a bayan katin asibiti. Ta shafa zanen da yatsa, ba zan ɓoye maka ba, na ga abin ya taɓa ta. Sannan ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

Na koma wayata na tura mata fuska mai hawaye guda a kumatu. Ita ce ta farko a rayuwata. Wayarta tana caji a kan durowa, ta miƙa hannu ta ɗauka ta duba. Ta ajiye, ta jawo kaina ta goge min fuska da gefen zanen gado.

Tun ranar Juma'a na sanar da Yaya Babba, ta ce gobe take tasowa daga garinsu. Ka yi min faɗa in ka ga dama, na cancanta. Wasiƙar da ta riga wannan kuwa ka yaga ta.

Mai neman afuwarka,
'Yar Biro


Asabar, mako na goma sha ɗaya

Maigidana abin alfaharina,

Sallama irin ta masu kewa. Yaya kake, yaya horo, yaya hannun da ka ce igiya ta saɓule maka? Inna tana gaishe ka, an sallame mu tun makon jiya, har ta fara fita tsakar gida tana faɗa da kaji. Wasiƙarka ta zo. Na yi ta neman faɗan a cikinta ban samu ba, sai layin nan da ka ce ku biyun taurin kanku ɗaya shi ya sa ka aure ni. Na bar maka wannan saboda ina da laifi.

Ka tambayi yadda muka kwashe da Yaya Babba. Ta iso ranar Laraba da babbar jaka, da shawararta a yanke tun daga mota. Ta tsaya a ƙarshen gado ko zama ba ta yi ba. Ka san yayarka da buɗe baki idan tana magana, ban taɓa samun wanda ya fi ta sauƙin karantawa ba. Ta ce: "Ta yaya za a bar tsohuwa a hannun wadda ba ta ji? Kwana huɗu tana kira!" Na sunkuyar da kai, don gaskiya ta faɗa. Ta ce da an sallami Inna za ta tafi da ita, a kulle gidan. Sannan ta juya ta tambayi Inna me ya hana ta kiranta ita.

Abin da Inna ta yi ba zan manta ba. Ta sauke mayafin daga bakinta, ta juyo da fuskarta saitina don in gani, sannan ta amsa: "Da na kira ki, da kin zo kin kwashe ni kamar kayan wanki. Wannan na kira, don ita in ta zo aiki take yi. Kuskuren namu ne mu biyu, kuma mun gyara." Ashe ni kaɗai ta faɗa wa, Maigida. A duk dangi ni ta zaɓa.

Yaya ta ce gyara kamar yaya, gobe in wani abu ya sake faruwa fa? A nan ne na ciro littafinmu. Kwanakin jinyar nan ba zaman banza muka yi ba. Na sayi ƙaramin littafi, Inna tana nuna alama a waya tana gwada min da hannu abin da take nufi, ni ina zanawa ina rubuta ma'ana a gefe. Rana, na tashi lafiya. Makulli, na kulle ƙofa na kwanta. Ƙwaya da agogo, na sha magani. Jar fuska ta zauna a zazzaɓi, tunda ita ta riga ta ba ta aikin. Motar asibiti, ki ajiye komai ki zo. Fushi na gaske kuma muka ba shi kunama, don kada a sake ruɗewa. Har mutane ta raɗa wa suna. Kai motar kashe gobara ce, ni fensir, likita mujiya saboda tabarau. Yaya Babba guguwa ce, amma wannan shafin na rufe shi da tafina.

Yaya ta duba ta taɓe baki, ta ce wasan yara. Inna ta ce to a gwada mu. Yaya ta kora ni can ƙarshen baranda, wajen ɗakin magani, inda ko hango su ba na yi. Na tsaya da waya a hannu ina jira. Saƙo ya shigo: kofin shayi, lemun tsami, cokali, da jan gicciye. Ina juyawa sai wani ya biyo baya: guguwa da kujera. Na je wurin mai shayin bakin ƙofa na karɓo shayi da lemun tsami babu sukari, na biya ta wurin nas na ari kujera. Na shigo da kofi a hannun dama ina jan kujera da hagu, na ba Inna shayinta, na ajiye kujerar a bayan Yaya. Ashe shayin ne kaɗai Yaya ta ce a gwada, kujerar Inna ce ta ƙara. Yaya ta dubi kujerar ta dube ni, ta tambayi Inna wace alama ce tata. Inna ko ƙiftawa ba ta yi ba ta ce fure.

Yaya ta zauna. Da ta zauna kuma sai ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta suna rawa. Daga baya ta karɓi birona ta rubuta min: "Tsoro na ji. Ina can nesa, da ta mutu sai dai a faɗa min." Shekara uku, wannan ne karo na farko da ta rubuta min jimla. Na riƙe hannunta, ba ta janye ba.

Ga yadda aka tsaya. Inna tana gidanta. Ni na kwaso kayan sawata na dawo wurinta har ka gama, ina fata ba ka ƙi ba. Maƙwabciya mai saƙa tana da makulli ɗaya. Kowace safiya rana biyu Inna take turawa, ɗaya gare ni ko da ina gefenta, ɗaya ga Yaya. Yaya ta ɗauki hoton littafin shafi-shafi kafin ta tafi, ban da shafi ɗaya da ya manne da ɗan'uwansa, ban san yadda aka yi ba.

Ka ci abinci sosai, na ga hoton da ka saka a ambulan duk ka rame.

Matarka mai ƙaunarka,
'Yar Biro


Lahadi, mako na ashirin da huɗu

Maigidana,

Assalamu alaikum, gaisuwa da fatan ka gama lafiya. Saura mako biyu, ni da Inna muna ƙirgawa, ita da ƙwayar wake a gwangwani, ni a kalandar shago. Mun ji daɗin labarin cewa kai ka zo na biyu a gwajin hawa bene. Inna ta ce a tambaye ka wanene na ɗayan, kuma uwarsa ta fi ta da me.

Ka ce in faɗa maka gaskiya, wai yanzu na zama 'yar imoji. Kada ka yi saurin murna. Oga da masu kawo aiki har gobe jimla cikakkiya suke samu daga wurina, da waƙafi da aya. Babban yatsa har yanzu ba na son sa, ko Inna ta san ba a turo min shi. Mai hawayen dariyar nan taka kuma sai abu ya ba ni dariya da gaske nake taɓa ta. Abin da na daina shi ne raina su. Inna ma tana da nata dokokin. Ba ta tura zuciya guda ɗaya, wai rowa ce, sai uku. Ƙoƙon kan mutum ko kallonsa ba ta yi, da sauri take wucewa. Biri mai rufe ido kuwa idan ya zo ina shago, na san ta ƙara gishiri a abinci a bayan idona. Littafinmu ya kai alama saba'in da ɗaya. Kunama sau ɗaya ta zo, ranar da na hana ta wanki da ruwan sanyi, kuma kafin in gama karyawa ta biyo ta da zukata uku.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba don ban san ina kewarsa ba. Tun ina ƙarama ba a kirana daga wani ɗaki. Kowa sai ya taso ya taɓa kafaɗata, har kai. Yanzu ina kicin sai in ji waya ta motsa a aljihu, in duba in ga fensir da hannu mai yafito. Inna ce take ƙwala min kira daga ɗakinta kamar kowace suruka, wani lokacin a kan abin da bai kai ya kawo ba, kamar neman tsinken sakace. Ina zuwa ina ƙunƙuni a raina, ina jin daɗi.

Ta koyi maganar hannu wajen kalma talatin, kuma a gabana ta daina kare baki. Shekaranjiya mai saƙa ta shigo suna hira, na ɗago daga guga daidai lokacin da Inna take ce mata: "Wannan da kike gani ta fi masu kunnen ji." Na mayar da kaina kan guga kamar ban gani ba. Rigarka ce a ƙarƙashin dutsen gugar, ka yi haƙuri da ɗan tabon da za ka gani a wuya.

Yanzu ka dubi ƙasan takardar nan. Abin da ke wurin hannun Inna ne. Jiya ta ce ita ma za ta rubuta wa ɗanta, ba ta son a rubuta mata. Ba ta taɓa riƙe biro ba, kamar wuƙa ta kama shi da farko. Tun bayan karyawa take kai har azahar, takarda tara ta lalata, ta hana ni taimaka mata. Abin da ke hagu mai ƙafafu kamar kunkuru motarka ce, kada ka yi dariya, tsanin kaɗai ya ci mata rabin awa. Na tsakiya gidan nan ne. A bakin ƙofarsa ta zana takalma na mutum biyu, nata da nawa, ta bar fili a gefe.

Roƙo ne, Maigida, in ka gama mu zauna da ita a gidan nan, kuma da yawuna a ciki. Ɗakin Baba yana nan a share, ni na wanke labulen, wannan karon sai da na tambaya kafin in taɓa komai. Ban mayar da makullin ɗakinmu na haya ba, hukuncin naka ne. In ka ƙi, ka rubuto min dalili, ni zan san yadda zan faɗa mata. In kuwa ka yarda, ta ce ba ta son dogon bayanin da sai an karanta mata. Ka cike filin da hannunka, ka dawo mata da takardarta.

Ta ce ka zana su manya, ta san ƙafar da ta haifa.

Taka har kullum,
'Yar Biro